Na ƙara faya-fayai biyu a cikin saba: ɗaya ya ƙi karɓar waya, ɗaya ya ƙi juyawa

Malamin Kwamfuta, yankin Ringim

Assalamu alaikum, malamai da injiniyoyin wannan zaure. Ni malami ne a wata sakandaren je-ka-ka-dawo da ke wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim, kuma ni aka damƙa wa ɗakin kwamfuta, ba don na fi kowa sani ba, sai don babu wanda ya yarda ya karɓi mukullin. A bara ne ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta kawo mana gudummawar saba guda ɗaya ta hannu, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutoci suke ɗaukar bayanai daga gare ta, irin doguwar nan da ake girkewa a ƙasa, wadda muke zuba tambayoyin gwajin jarrabawar JAMB da bidiyoyin darussa a cikinta, yara suna buɗewa daga kwamfutoci 24 ba tare da intanet ba. Da wutar sola da inbata muke tayar da ita.

Sabar ta zo da faya-fayan ajiya guda biyu, kowanne terabait 1, waɗanda aka haɗa su a matsayin RAID 1, wato duk abin da aka rubuta a ɗaya sai a kwafe shi a ɗayan. Ba a kan babban allon cikin sabar, wato “motherboard”, aka jona su ba. Akwai wani kati da aka soka a jikin allon, mai baki biyu masu kusurwa huɗu, kuma daga ɗayan bakin wata waya ta fito mai kai ɗaya, ta rabu rassa huɗu. Rassa biyu suna jikin tsofaffin faya-fayan, biyu suna lilo. Da wuri ya cika, sai na sa aka sayo mini ƙarin faya-fayai biyu na hannu daga Kano, ɗaya terabait 4, ɗaya terabait 8, ina ganin aikin bai wuce na rabin awa ba. Yau kwana tara ke nan ina fama.

Faifan terabait 4 ya ƙi karɓar kan wayar bayanai, ya kuma ƙi karɓar na wuta. Na juya ta kowace fuska, daga ƙarshe na ɗan danna da ƙarfi, sai na ji ƙas, robar kan reshen ta tsage. Faifan terabait 8 kuwa wayoyin biyu sun shiga lafiya lau, amma ko motsi ba ya yi. Na kara kunnena a jikinsa, na ɗora tafin hannu, shiru kamar dutse. Na mayar wa wanda ya sayar, ya zura shi a cikin ƙaramin akwatin gwaji na USB a gaban idona, nan take ya tashi yana juyawa, ya nuna girmansa cif. Da na ga haka sai na zargi wayar bayanai, na sayi sabuwa mai kai ɗaya da rassa huɗu, wadda a ido ba ta da bambanci da tsohuwar ko kaɗan. Da na sauya, sai katin ya daina ganin kowane faifai, har da tsofaffin biyun da suke aiki. Hankalina ya tashi, na mayar da tsohuwar waya, suka dawo, amma katin ya fito da wani saƙo a lokacin tashi wanda ban gane ba, na kashe sabar ban sake taɓa ta ba.

Ƙarin bayani shi ne, akwatin wutar sabar, wato fawa-fak, kawunan wuta uku kawai yake da su irin na SATA, wato tsarin jona faifai da aka saba gani a kwamfutoci, sai wasu farare guda biyu masu manyan ramuka huɗu waɗanda ba a jona su da komai ba. Ina neman a yi mini bayanin yadda ya kamata a haɗa wayar wuta da ta bayanai ga waɗannan faya-fayai, da abin da zan saya, domin zuwa Kano daga nan wuni guda ne, kuma ba na son in sake dawowa da abin da ba shi ba.

Mai Gyaran Kwamfuta, Haɗeja

Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka, domin bisa abin da ka zayyana ban ga alamar wani faifai ya mutu ba. Zan fara da wayar da ta fi tayar maka da hankali.

Bakin da ke jikin katinka shi ake kira SFF-8087, wasu su ce mini-SAS. Haƙora 36 gare shi, kuma hanyoyi huɗu ne aka dunƙule a cikinsa, shi ya sa wayarsa take rabuwa gida huɗu. Kowane kan wayar bayanai na SATA yana da haƙora bakwai: uku na ƙasa, biyu na aikawa, biyu na karɓa. Wajibi ne layin da kati yake aikawa da shi ya faɗa kan layin da faifai yake karɓa da shi, haka nan a dawowa. To, waya mai rassa huɗu iri biyu ce ake ƙerawa. Akwai wadda babban kanta yake shiga kati, rassanta su tafi faya-fayai, kuma abin da ake rubutawa a ledarta shi ne “forward breakout”. Akwai kuma wadda rassanta suke shiga ramukan SATA huɗu na babban allo, babban kan ya tafi allon bayan kejin faya-fayai, ita ce “reverse breakout”. A ido tagwaye ne, bambancin yana cikin yadda aka jera layukan a ciki. Wadda ka sayo ta biyun ce, kuma da ka sa ta sai baki ya koma yana yi wa baki magana, kunne yana sauraron kunne, shi ya sa katin ya ga kamar babu kowa a gidan. Ba ta ƙona komai, don haka ka ajiye ta gefe ko ka mayar. Yawancin masu shago ba su san da wannan bambanci ba, saboda haka kada ka dogara da cewar mai shago, ka karanta leda da idonka.

Sai faifan terabait 4. Ka ɗauko shi ka ajiye kusa da ɗaya daga cikin sauran, ka dubi bakinsu a wuri mai haske. Faifan SATA yana da wushirya tsakanin ɓangaren bayanai mai haƙora 7 da ɓangaren wuta mai haƙora 15, ta yadda kowace waya take shiga nata gurbin. Na tabbata za ka tarar da naka ba shi da wannan wushirya, roba ta cike wurin, kuma idan ka juya bayan robar za ka ga wasu ƙananan haƙora bakwai a kai. Wannan faifan SAS ne, wato wani tsarin jona faifai daban da aka yi domin sabobi, bakinsa guda ɗaya ne mai haƙora 29, ana kiransa SFF-8482, kuma waɗancan ƙananan haƙoran hanya ce ta biyu da aka yi domin manyan sabobi masu kati biyu. Da gangan aka cike wushiryar domin kada a jona shi a inda ba zai yi aiki ba. Kati na SAS yana iya tafiyar da faifan SAS da na SATA duka, amma ramukan SATA na babban allo ba za su taɓa gane faifan SAS ba, ko da an samo mahaɗin da zai sa wayar ta shiga. Na sha ganin masu fere robar da reza. Wannan asarar faifai ce kawai.

Abin da za ka saya waya ce mai kan SFF-8087 a gefe ɗaya da kawuna huɗu na SFF-8482 a ɗaya gefen. Kowane kai faffaɗa ne, yana rufe bakin faifai gaba ɗaya, kuma yana da 'yar jela ta wuta a bayansa. Wannan kai yana shiga faifan SAS, yana kuma shiga na SATA, saboda haka sababbin faya-fayanka biyu za su hau kanta. Ka soka ta a baki na biyu na katin, ka bar tsofaffin a kan wayarsu yadda suke. Reshen da ya tsage ka naɗe shi ka daina amfani da shi.

Kafin ka kashe kuɗi, ka karanta sunan katin a jikinsa ko a kan allo lokacin da sabar take tashi, domin abu biyu. Akwai katunan da suke da wannan baki amma SATA kaɗai suke ji. Sannan tsofaffin katunan SAS na ƙarnin farko, masu gudun gigabit 3, irin waɗanda aka gina a kan ƙwaƙwalwar kati mai suna LSI 1068E, ba sa ganin fiye da terabait 2 a faifai ɗaya. Idan naka na gigabit 6 ne, misali mai LSI 2008, ba ka da wannan damuwa. Maganar faifan da ya ƙi juyawa ta ɓangaren wuta ce, kuma akwai waɗanda suka fi ni saninta a nan.

Tsohon Injiniya, Bichi

Ƙanena Malam, sannu da ƙoƙari. Abin da mutumin Haɗeja ya faɗa daidai ne, ba ni da gyara. Ni zan yi magana a kan wuta, domin a wannan aiki kuskuren wayar bayanai ɓata lokaci yake jawowa, kuskuren wayar wuta kuwa hayaƙi.

Ka dubi wayoyin da suka shiga kan wutar SATA na fawa-fak ɗinka. Idan ka ƙirga biyar, za ka ga rawaya mai bolt 12, ja mai bolt 5, baƙaƙe biyu na ƙasa, da guda mai ruwan lemo wadda take ɗauke da bolt 3.3. A tsarin asali haƙora uku na farko, daga 1 zuwa 3, duk na bolt 3.3 ne; daga 7 zuwa 9 na bolt 5; daga 13 zuwa 15 na bolt 12. Da aka ga kusan babu faifan da yake amfani da bolt 3.3, sai aka ba haƙori na 3 sabon aiki a bugun tsarin SATA mai lamba 3.3 da ya fito a 2016: idan aka ba shi wuta, faifan ya kashe kansa. An yi haka ne domin mai kula da babbar cibiyar ajiya ya iya kashe faifai ɗaya ya sake kunna shi daga kan kujerarsa, ba sai ya je ya zare shi ba. Tsohon fawa-fak bai san an yi wannan sauyi ba, yana nan yana zuba bolt 3.3 a kan haƙorin dare da rana, faifan kuwa yana jin umarni ne cewa ya kwanta. Akwatin gwaji na USB ba ya ba da bolt 3.3, shi ya sa faifan ya tashi a shago ya ƙi tashi a makaranta. Kai ba ka yi laifi ba, mai shagon ma bai yi maka ƙarya ba.

Matasa sukan manna ɗan siririn tef a kan haƙori na 3, ana ƙirgawa daga gefen da ya fi kusa da ɓangaren bayanai, kuma ko an rufe ukun farko duka babu laifi. Yana aiki, amma ni ban yarda da shi a ƙasarmu ba. Ainihin tef ɗin da ake nufi mai jure zafi ne da ake kira Kapton, abin da ake samu a kasuwar ƙauye kuwa baƙin salatif ne na masu wayarin, wanda idan zafin Afrilu ya shigo sai ya narke ya zame, ya bar danƙo a kan haƙoran. Wata rana ka wayi gari faifai ya ɓace, ka rasa dalili.

Maganinka yana nan yana lilo a cikin sabar. Waɗannan fararen kawuna biyu masu ramuka huɗu su ake kira Molex, kuma bolt 12 da bolt 5 da ƙasa biyu kawai suke ɗauke da su, babu ruwan lemo a cikinsu. Saboda haka idan za ka sayi wayar da mutumin Haɗeja ya kwatanta, ka zaɓi wadda jelar wutarta Molex ce, ba wadda jelarta kan SATA ne ba. Kawuna biyu, faya-fayai biyu, lissafi ya fita. Wannan zai kare ka ko da faifan SAS ɗin ma yana da wannan hali, domin sababbin faya-fayan SAS su ma suna da shi. Molex yana da kusurwa biyu da aka dakushe domin kada ya shiga a juye, amma tsoho yakan saki, kuma mai ƙarfin hannu yana iya tura shi a birkice. Ka tabbata rawaya ta fuskanci rawaya, ja ta fuskanci ja, domin bolt 12 a kan layin bolt 5 ba ya ba faifai ko daƙiƙa guda.

Idan wata rana ka buƙaci mahaɗi daga Molex zuwa SATA, ka guji irin wanda aka narka roba aka zuba a kan wayoyin ta zama dunƙule guda. A cikin irin wannan robar wayoyi sukan matso juna idan ta yi zafi, su haɗu, su kama da wuta. Ka nemi wanda aka matse kowace waya a gurbinta, wanda za ka iya ganin inda ta shiga. Haka nan kada ka yi ta reshe a kan reshe. Kowane haƙorin wutar SATA amfiya 1.5 aka yi shi ya ɗauka, uku na bolt 12 sun ba da 4.5, babban faifai mai inci 3.5 kuwa yakan ja kusan amfiya 2 a lokacin da injinsa yake tashi. Faifai biyu a kan kai ɗaya sun kai maƙura. Wannan lissafi ya shafi inbatarka ma: huɗu idan suka tashi tare sun kusa wat 100 na 'yan daƙiƙu, ban da fankoki. Yawancin katuna suna da zaɓin tayar da faya-fayai ɗaya bayan ɗaya, ka duba ka kunna shi.

Malamin Kwamfuta, yankin Ringim

Allah ya saka da alheri, Injiniya da Malam na Haɗeja. Na duba da fitilar waya, lallai faifan terabait 4 ba shi da wushirya, kuma ga ƙananan haƙoran a bayan robar. Wayar ruwan lemo ma tana nan a kawunan wuta ukun. A jikin katin na ga an rubuta SAS da 6Gb/s, don haka ina fata na tsira daga matsalar terabait 2. Na kuma tono ledar sabuwar wayar daga kwandon shara, ga “reverse” nan a rubuce da ƙananan baƙaƙe a ƙasan lamba.

Saura saƙon da katin ya nuna. Na ɗauki hotonsa kafin in kashe, yana cewa ya tarar da “foreign configuration”, yana ba ni zaɓin in shigo da shi ko in share. Aikin shekara guda na malamai shida yana cikin tsofaffin faya-fayan nan, kuma babu kwafinsa a ko'ina. Sannan ina son sanin ko zan iya haɗa sababbin biyun su zama RAID 1 kamar na farko.

Malama Mai Kula da Bayanai, Birnin Kudu

Malam, gara da ka tsaya ka tambaya. Ni nake kula da sabar bayanan marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti, kuma na taɓa tsayawa a gaban wannan saƙo jikina yana rawa. Katin RAID yana rubuta bayanin tsarinsa a jikin faya-fayan kansu. Lokacin da ka sa wayar da ba ita ba, ya tashi bai ga kowa ba, da suka dawo sai ya ɗauke su a matsayin baƙi masu ɗauke da tsarin da bai tabbatar da shi ba. Zaɓin shigowa da shi za ka ɗauka. Kada ka share, kada kuma ka yarda da duk wani zaɓi da ya ce zai shirya faifai daga farko. Ka yi wannan alhali tsofaffin biyun kaɗai ne a jone, kuma da zarar sabar ta tashi, kafin ka kwance ko sukuru ɗaya, ka kwafe komai zuwa faifan waje na USB. RAID 1 yana kare ka ne daga mutuwar faifai ɗaya, ba ya kare ka daga kuskuren yatsa.

Haɗa sababbin biyun ba shawara ba ce. Idan aka haɗa terabait 4 da terabait 8 a RAID 1, terabait 4 kawai za ka samu, rabin babban ya tafi a banza, kuma katuna da yawa ba sa ma yarda a cakuɗa SAS da SATA a rukuni ɗaya. Ka bar kowanne da kansa, ka zuba bidiyoyi a ɗaya, ɗayan ya riƙe kwafin abin da ba ka son rasawa.

Game da aikin hannun kansa, kashe saba daga maɓalli bai isa ba, domin muddin wayarta tana jikin soket akwai wutar jira ta bolt 5 a kan allo. Ka zare wayar, idan fawa-fak biyu ne ka zare duka biyun, sannan ka danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu. Sabobin da ake zare musu faifai suna aiki su ne masu allon baya da keji, inda aka yi haƙoran ƙasa sun fi sauran tsawo domin su fara taɓawa. Taka mai wayoyi ce, kuma Molex ba a jona shi da wuta a kunne. Yanzu kuma hunturu muke ciki, lokacin da mutum zai yaye bargo da dare ya ga tartsatsi, ko ya taɓa ƙofar mota ta ja shi. Wannan ɗan jan ya isa ya lalata allon faifai. Kada ka yi aikin a kan tabarmar roba ko kafet, ka cire rigar sanyi, ka riƙa taɓa ƙarfen jikin sabar kafin ka ɗauki kowane faifai, kuma ka riƙe shi ta gefe, ba ta koren allon da ke ƙarƙashinsa ba.

Baba Injiniya, a gafarce ni, zan ɗan saɓa maka a kan tef. Na yi amfani da Kapton na gaske a kan faifai biyu, sun shekara uku ba su motsa ba. Na yarda cewa ga Malam hanyar Molex ta fi, tunda wayar da zai saya ta riga ta zo da ita, amma wanda ba shi da Molex kada ya ɗauka ba shi da mafita.

Idan ka zo jona wayoyin, kowane kai ka tura shi a miƙe har ka ji ya zauna, babban kan da ke shiga kati kuma yana da ɗan ƙarfen kulle da zai yi ƙara idan ya kama. Shi za ka danna kafin ka zare, kada ka ja ta waya. Kawunan SATA na ciki ba a yi su domin yawan sa-da-cirewa ba, abin da ƙa'idarsu ta lamunce bai wuce sau 50 ba, kai kuma a kwana tara ka ci wani kaso daga ciki. Kada ka karya waya a kusurwa mai kaifi, kada ka ɗaure ta tamau, kuma ka bi da rarar ta gefen akwati domin kada ta tare iskar da fanka take hurawa kan faya-fayan. Wayar da tsayinta ya kai rabin mita ta ishe ka, domin faifan SATA ba ya son abin da ya wuce mita 1. Ka manna takarda a kowane reshe da kowane faifai, ka rubuta lambar reshen da lambobi huɗun ƙarshe na siriyal, saboda ranar da kati zai ce faifai na 5 ya samu matsala ka san wanda za ka zare. Bayan kwana biyu da tashi, ka buɗe bayanan SMART, wato rahoton da faifai yake ajiyewa a kan lafiyarsa, da manhaja irin su smartctl, ka dubi layi na 199 a faya-fayan SATA. Wannan lamba tana ƙirga kurakuran da suka faru a kan hanya tsakanin faifai da kati. Ba ta komawa sifili, don haka abin lura shi ne ko tana ƙaruwa. Idan tana hawa, waya ce ko zaman kanta, ba faifan ba.

Tsohon Injiniya, Bichi

'Yata, na karɓi gyara. Wanda ya samu Kapton na gaske kuma hannunsa ba ya rawa, ya yi. Abin da na manta ban faɗa wa Malam ba shi ne, idan wata rana aka sauya fawa-fak da irin wanda ake zare wayoyinsa daga jikin akwatin, kada a bar tsofaffin wayoyi a jona su a sabon. Gefen da ke shiga faifai iri ɗaya ne a ko'ina, amma gefen da ke shiga akwatin kowane kamfani da yadda yake jera nasa, kuma sau da yawa ramin yakan karɓi wayar da ba tasa ba. Na taɓa ganin faya-fayai huɗu sun ƙone a kunnawa ɗaya ta wannan hanya.

Malamin Kwamfuta, yankin Ringim

Assalamu alaikum. Na dawo da rahoto. Na bi shawarar Malama, na shigo da tsarin, sabar ta tashi da komai nata, na kwana ina kwafewa zuwa faifan waje da na aro. Wayar kuwa ban je da kaina ba; na rubuta wa wani tsohon ɗalibina da ke Kano lambobin SFF-8087 da SFF-8482 da kalmar Molex a takarda, ya zaga shagunan Beirut Road, sai a shago na biyar ya samu, ya turo mini hoton ledar na karanta kafin ya biya, sannan ya ba direban motar garinmu ya kawo.

Jiya bayan la'asar na haɗa. Na zare wuta, na shimfiɗa kwali a kan tebur, na ɗaure kowane faifai da sukuru huɗu, na soka babban kan a baki na biyu har ya yi ƙara. Ɗaya daga cikin Molex ɗin ya yi tauri, wani haƙorinsa ya karkace yana ƙin shiga rami, sai da na miƙe shi da tsinken ashana maimakon in danna kamar wancan karon. Da na kunna, na ɗora yatsa a kan faifan terabait 8, na ji ya yi ɗan gurnani ya ɗauka. Katin ya nuna huɗun duka da cikakken girmansu. Layi na 199 sifili ne a babban faifan da ɗaya daga cikin tsofaffin, ɗayan tsohon kuwa 37 yake nunawa, kuma daga jiya zuwa yau bai ƙaru ba.

Abin da na lura da shi shi ne faifan SAS ya fi sauran zafi. Da rana tsaka ya kai digiri 47 alhali sauran suna tsakanin 38 da 40, ga shi ko bazara ba ta shigo ba. A gaban kejin akwai gurbin fanka wanda babu komai a ciki, kuma na ga wani ƙaramin baki mai haƙora huɗu a kan babban allo kusa da wurin. Injiniya, shin a nan zan jona fankar, ko kuwa in ja mata wuta daga kan SATA guda ɗayan da ya rage?